Kujeru Shida a Falon Hiske

Skarrum, 15 ga Satumba

Zuwa ga Marrit,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikinki. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwar hagu da kunnuwan nan da injinan jan ruwa suka cinye mini a shekara talatin da takwas. Kada ki ce za ki buga mini waya, na zare igiyarta tun bara, don ba na jin komai a cikinta sai zuuu. Saƙon kwamfuta kuwa ban iya ba, ba ni kuma da niyyar koya.

Na san kina ta juya takardar nan kina cewa wane ne kuma Lolke. Kawunki ne. Kakarki Jantsje da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Rabona da ke tun ranar da aka binne ta, kika zo da jan takalmi, abin da har yau ba a gama maganarsa a ƙauyen nan ba.

Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshinki. Ta ce a can Delft kina ƙera wasu 'yan mutane a cikin kwamfuta, su zauna su yi gardama su yanke shawara, ke kuma ki gaya wa kwamitocin ruwa yadda taronsu zai ƙare tun ba su zauna ba. To ni ma ga nawa taron.

Yayata Hiske, Innarki ke nan, ta faɗi sau biyu bana. Gidanta na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. 'Ya'yanta suna so su kai ta gidan kula da tsofaffi a Dokkum. Ran tara ga Nuwamba za ta cika tamanin da biyu, duk za su zo, kuma babban ɗanta Gerben ya ce bayan an sha gahawa za a "ɗan tattauna batun Mama". Na san ɗan tattaunawar Gerben. A gidan nan ta haifi 'ya'yanta uku, daga nan aka fitar da gawar mijinta. In suka cire ta daga cikinsa ba za ta kai baɗi ba.

Ni ban iya magana a taro ba. Rabin abin da ake faɗa ba na ji, sauran rabin kuma ya ɓata mini rai, in yi ihu, a ce Kawu ya fara. Ki saka mu a kwamfutarki, ki gaya mini abin da zan yi su bar ta a gidanta. Kada kowa ya ji, har mahaifiyarki. Ga kan sarki biyu nan a ciki, don kada ki ce ba ki da shi.

Kawunki,
Lolke

Delft, 27 ga Satumba

Kawu Lolke,

Na gode da wasiƙa, sannu da gwiwa. Ni lafiya ƙalau nake, sai mura da ta ƙi sakina. Na tuna ka sarai. Jan takalmin kuma Kaka ce ta saya mini, sai ka sanar da mutanen ƙauyen ko sa huta.

Mama ta ƙara wa aikina gishiri. Ni ba boka ba ce, Kawu, ba na duba. Abin da nake yi shi ne in gina 'yan mutane na bogi a kwamfuta. Kowanne in ba shi abin da yake so, da gwargwadon taurin kansa, da wanda yake jin maganarsa. Sai in sa su zauna taro sau dubu, ina canza wanda ya fara magana da wanda ya ƙare, in ga inda suka fi karkata. Yana taimaka wa kwamiti ya gane me ya sa kullum taronsa ke cijewa a wuri guda. Ba ya gaya wa kowa abin da zai faru ran Lahadi da ƙarfe uku.

Kuma ban taɓa yin sa a kan dangi ba. Sai da na ajiye wasiƙarka kwana huɗu ina cewa ba zan yi ba. Amma na tuna Inna Hiske ce kaɗai ta zo ta tsaya kusa da ni a maƙabarta ranar nan, ta ce takalmina ya yi kyau. Saboda ita zan gwada.

Ka rubuto mini su wa za su zauna a taron. Kowane mutum: me yake so, wa yake saurara, kuma ta yaya kuke yanke magana, ƙuri'a kuke yi ko kuwa. Gaskiya nake so, ba zagi ba.

'Yarka,
Marrit

Skarrum, 1 ga Oktoba

Marrit,

Gaisuwa. Ki sha ruwan zafi da zuma, murar za ta tafi. Gwiwa na nan yadda take.

Ƙuri'a? A gidanmu? Haba Marrit, ko kin daɗe a kudu har kin manta? Magana ake yi, a zagaya, a sake zagayawa, har sai an rasa mai cewa "amma". In an rasa shi, magana ta zauna.

Ga su nan yadda suke zama a da'ira kowace shekara, daga bakin taga zuwa dama. Kujeru shida ne.

Ta farko Gerben. Yana aiki a wani ofishin inshora a Zwolle. Shi ke son a kai ta. In ya fara magana sai gahawarka ta huce ta sake hucewa. Abu ɗaya yake tsoro, a bar shi shi kaɗai a gefe guda. Tun yana yaro haka yake.

Ta biyu matarsa Ans. Abin da Gerben ya ce shi take so, amma tana jin kunyar Tineke.

Ta uku Tineke, 'yar Hiske, ma'aikaciyar jinya. Rabin zuciyarta na nan rabi na can. In aka ambaci matakala ta ce a kai ta, in aka ambaci lambu ta fara share ido. Kowa na jin maganarta saboda farar rigar nan.

Ta huɗu mijinta Wopke. Wannan bawan Allah ba shi da ra'ayi ko na abin da zai shafa wa burodi. Wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya.

Ta biyar Jelle, auta. Shekara goma ban ji muryarsa ba, kuma ba laifin kunnena ba ne. Wayarsa yake kallo. In an tambaye shi ya ɗaga kafaɗa.

Ta shida ni, kusa da ƙofa.

Kin ce ban da zagi, kin ga ban zagi kowa ba. Yaushe 'yan tsanar taki za su gama?

Kawunki,
Lolke

Skarrum, 21 ga Oktoba

Marrit,

Ina fatan lafiya, don na fara tunanin ko murar ce ta kwantar da ke asibiti. Sati uku! Kullum sai na fita bakin hanya ina jiran mai kawo wasiƙa, har ya fara tambayata ko budurwa na yi. In kin fasa ki faɗa mini a fili, mu nan ba mu saba da kwana-kwana ba. Jiya Gerben ya zo da abin awo ya auna kabad ɗin uwarsa, ya ce wai sha'awa yake yi. Sha'awar kabad! Saura kwana goma sha tara.

Lolke

Delft, 25 ga Oktoba

Kawu,

Lafiyata ƙalau, mura ta tafi, ba kuma zumar ce ta kore ta ba. Ina da aiki, Kawu. Ina da ɗalibai arba'in da wani kwamitin ruwa da ya shekara biyu yana gardama a kan ganuwar teku guda ɗaya. Naka a ranakun hutuna nake yi. Ban fasa ba, kuma ba na son a rubuto mini kamar na gudu da keken wani.

Na gina su shida, na sa sun zauna sau dubu a kowane tsari. Ga abin da na gani.

In Gerben ya fara magana kai kuma ka tare shi nan take, kusan kullum a Dokkum ake ƙarewa. Ihunka ne ke tura Tineke wajensa, in ta tafi kuma kowa ya bi ta. Ka yi haƙuri, na saka maka taurin kai tara cikin goma, daga wasiƙunka na ɗauko.

In ka yi shiru a zagayen farko, aka bar Tineke ta faɗi damuwarta har ta gama, sannan kai ka zo a ƙarshe, ba da "a'a" ba, sai da wani abu da za a iya yi, kamar a sauko mata da gado ƙasa a kuma raba ranakun zuwa dubiya, to sau ɗari bakwai da goma cikin dubu ana barin ta a gida. Wopke ya bi ka don kai ne na ƙarshe, Tineke ta samu abin riƙewa, Ans ta bi Tineke, Gerben ya duba ya ga shi kaɗai ya rage.

Yanzu ka karanta wannan layin sau biyu. Wannan abin da 'yan tsana suka yi ne, waɗanda na gina da bakin mutum ɗaya, wato kai. Ba abin da danginka za su yi ba ne, ba kuma ina cewa abin da ya kamata a yi ke nan ba.

Marrit

Skarrum, 29 ga Oktoba

'Yata Marrit,

Madalla da ke! Gwiwa ma yau ta sake ni, har keke na hau zuwa kanti.

Da farko raina ya ɓaci. Injin da zai tashi sau bakwai cikin goma, a zamanina cikin ruwa za mu tura shi. Amma da na sake karantawa sai na ga ai kin ba ni hanyar gaba ɗaya. Na kwafe ta a ɗan kati, na sa a aljihun rigar da zan sa: shiru, Tineke, gado, ranaku. Ina ta koyon shirun a gaban madubi.

Layin da kika ce in karanta sau biyu na karanta sau uku. Kunya ce irin ta gidanmu, kakarki ma in ta gasa kek mai daɗi sai ta ce ai bai tashi ba. Ba sai kin ƙasƙantar da aikinki a gabana ba.

Tara cikin goma kuma ban yarda ba. Bakwai dai.

Kawunki mai godiya,
Lolke

Delft, Juma'a, 7 ga Nuwamba

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ina so in kai wannan akwati kafin a kwashe na yau.

Ɗazu na buɗe abin nan don in goge shi, na tsaya ina kallon sunayen. Gerben, Ans, Tineke, Wopke, Jelle, Lolke. Kawu, ina Inna Hiske? Ina kujerarta? Mun yi wata biyu muna lissafin inda za ta zauna har ƙarshen ranta, ban saka ta ba, kai ma ba ka saka ta ba. Ita me ta ce? Ka tambaye ta kuwa?

Don Allah kada ka yi amfani da katin nan sai ka shiga ka zauna da ita ka ji daga bakinta. Na buga lambarka sau shida duk da na san babu amfani. Ka ajiye katin.

Marrit

Skarrum, Litinin, 10 ga Nuwamba

Marrit,

Ban san ko in gaishe ki ba. To, gaisuwa. Lafiyata kuma kada ki tambaya.

'Yan tsanarki sun yi daidai, in abin da kike son ji ke nan. Ki rubuta a littafinki.

Ƙarfe biyu da rabi suka iso. Aka zagaya ana ba juna hannu, barka da ranar mamarka, barka da ranar yayarka, barka da ranar surukarka, kowa ya nemi kujerarsa. Hiske tana ta shiga da fita da butar gahawa kamar kullum, tana tambayar wa ke son kek na tuffa wa ke son na kirim. Tana juya baya Gerben ya gyara murya ya fara. Minti ashirin da biyar, na duba agogo. Na danne katin a aljihu har yatsana ya yi fari, ban ce uffan ba. Sai ga shi ya tsaya yana kallona.

"Kawu, lafiya? Ko ba ka ji abin da na ce ba?"

Na ce, "Na ji. Tineke fa, me ta gani?"

Tineke ta yi maganar matakala, ta yi maganar ƙugu, ta zo kan lambu ta fara share ido. Ans ta ce ita dai duk abin da ya fi. Jelle ya ɗaga kafaɗa. Aka sake zagayawa. Hiske ta shigo ta kwashe faranti, ta koma yanka cuku da tsiran alade. Nan na ce, a hankali kamar limamin coci, me zai hana a sauko mata da gado falo, a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, kowa ya ɗauki rana guda a sati.

Wopke ya ce, "Kai, wannan magana ce."

Tineke ta ce za ta iya Laraba. Ans ta ciro littafin alƙawuranta ta ce Asabar ɗaya cikin biyu. Gerben ya dubi dama ya dubi hagu, ya ce shi dama bai ce lallai-lallai ba. Aka rasa mai cewa amma. Wallahi Marrit, ji na yi kamar in tashi in yi rawa da gwiwar nan.

Sai ga Hiske da farantin cuku. Gerben ya miƙe, ya ce, "Mama, albishirinki. Mun tattauna, mun amince za ki zauna a gidanki."

Ta tsaya. Ta ajiye farantin a kan tebur. Ta ce, "Ku wa?"

"Mu duka, Mama. Kawu ne ma ya kawo shawarar."

Ta juyo ta dube ni. Ta ɗaga murya yadda take yi in tana so in ji kowace kalma. "To sannunku da aiki. Ni tun watan Afrilu na je na rubuta sunana a Dokkum. Ran Alhamis suka aiko cewa ɗaki ya samu. Ɗaya ga Disamba zan tafi. Na bari ne sai an ci cuku in gaya muku."

Tineke ta ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Gerben ya zo ya auna kabad ɗina bai tambaye ni ba. Wannan kuma," ta nuna ni da wuƙar cuku, "kullum yana gidan nan, bai taɓa tambaya ba."

Wopke ya ce, "Kai, wannan ma magana ce."

Nan shirun ya ƙare mini. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na san na ce an zuga ta, na ce kwamfuta ta nuna sau ɗari bakwai da goma, na ciro katin na buga a kan tebur. Jelle ya ɗauka ya karanta da ƙarfi, ashe yana da murya. Shiru, Tineke, gado, ranaku. Tineke ta ce, "Ni ce ta biyu a jerin? Kawu, juya ni ka yi?" Ta ɗauki jakarta. Ko miya ba a tsaya sha ba.

Ga abin da ilminki ya jawo mini. Wace irin na'ura ce za ta zauna taro sau dubu ba ta lura babu mai gidan ba?

Lolke

Ƙari, Talata: Yanzu wasiƙarki ta Juma'a ta iso. Kin manta ba a kawo wasiƙa ran Litinin, ta Asabar kuma ba ta kama ba. Sannu da ƙoƙari.

Delft, 15 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa. Ni ma ba lafiya sosai ba, kwana uku kaina na ciwo.

Na'ura ba ta lura da komai, Kawu. Abin da aka zuba mata shi take juyawa. Kai ka aiko mini kujeru shida. Shekara nawa kana zuwa bikin nan? Ka san mai ranar haihuwa ba ta zama, tana kicin tana yi wa mutane hidima. Ka ƙirga kujeru, ka manta da mai ɗauke da buta. Kuma bango ɗaya ya raba ku! Ka iya rubuto wasiƙa huɗu zuwa Delft, ba ka iya taka taku goma ka ce, Hiske, me kike so? Na ce kada ka ɗauki abin nan hanya, ka ce kunya ce. Ni ban yi gadon kunyar kowa ba, abin da na rubuta shi nake nufi.

To, na gama da naka. Ga nawa. Tambayar da na yi maka ita ce su wa za su zauna a taron. Tambayar da nake yi wa kwamitoci ke nan, don su duk mai magana yana da kujera. Da tambayar da na yi ita ce wa abin ya shafa, da sunanta ne na farko. Ni ma a irin da'irar nan na girma, na sha ganin Mama tsaye a ranarta, ban taɓa ganin abin a matsayin komai ba. Abin da nake koya wa ɗalibai a satin farko ke nan, ku nemo wanda ba ya cikin ɗakin.

Akwai wanda ya fi wannan. Ran Asabar ina da mota, tafiyar awa biyu da rabi ce. Na riƙe makulli na ajiye, na ce ai ba a gayyace ni ba, ba a faɗa wa mutane gida haka kawai ba alƙawari. Ina da lambar Inna a wajen Mama, na ce ai na yi maka alƙawarin rufa asiri. Tsoro ne kawai, na lulluɓe shi da ladabi. Na rubuta wa Inna da Tineke na ba su haƙuri. Kai ma ka yi.

Marrit

Dokkum, 14 ga Disamba

Marrit 'yata,

Na samu wasiƙarki tun ina tsohon gida, hidimar tashi ce ta hana ni amsawa. Ina lafiya, ƙugu na ɗan taɓawa in an yi sanyi. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata har yanzu ban ga hoton jikan da ta yi mini alƙawari ba.

Haƙurin da kika ba ni na karɓa, kada ki ƙara. Ni abin har dariya ya ba ni daga baya. An ce kin yi Wopke a kwamfuta. Ai ba ki sha wahala ba.

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa 'ya'yana ba. Faɗuwar da na yi ta biyu, ƙarfe takwas na safe ne, a kicin. Na kasa tashi. Na buga bango da sandar shara har hannuna ya mutu, kawunki ba ya ji. A ƙasan nan na kwanta har sha biyu. Abin da ya kawo shi kuwa, lokacin abincinsa ya yi. Shekara goma sha tara, tun rasuwar matarsa Griet, sha biyu daidai yake turo ƙofata ya zauna. Ban taɓa ƙorafi ba, ƙanena ne, ni na goya shi. Amma a kwance a wurin nan na ce Hiske, kin gaji. Na gaji da matakala, na gaji da lambun da Tineke ke yi wa kuka ba ta taɓa cire masa ciyawa ba, na gaji da fere dankali. A nan tagata na kallon ruwa, akwai wadda muka yi aji ɗaya da ita a ɗaki na uku, ran Talata da Juma'a muna waƙa.

Kawunki ne har yanzu bai zo ba. Ranar da na tashi ya rufe labulensa. Kilomita goma sha tara ne, bas na tsayawa a ƙofar coci. Tineke ta huce, ta je ta same shi, ta ce ya rame, kwandon shararsa duk gwangwanin miya. Ni ba zan rubuta masa ba, don in na fara lallashi a kicin ɗin nan zan ƙare.

Ga abin da nake so. Tunda ya yarda da na'urarki fiye da mutane, ki rubuta masa ki ce kin saka mu a ciki, ta ce sau dubu cikin dubu ya hau bas ya zo. Ƙaramar ƙarya ce, ni na ɗauki zunubin.

Innarki,
Hiske

Delft, 18 ga Disamba

Kawu,

Wata guda ba ka amsa mini ba, ina fatan fushi ne ba ciwo ba.

Inna Hiske ta rubuto. Ta ce in gaya maka kwamfuta ta ce ka je ka gan ta. Kwamfuta ba ta ce komai ba, na goge ku duka tun watan jiya. Yayarka ce take son ganinka, har ta yarda ta yi ƙarya a kai, tana da shekara tamanin da biyu. Ni kuma na gaji da ku biyun nan. In ba ka je ba kafin sabuwar shekara zan zo da kaina ba gayyata, in saka ka a mota.

Marrit

Skarrum, 28 ga Disamba

Marrit,

Gaisuwa, da fatan kin yi Kirsimeti lafiya. Gwiwa ta dawo, kunne na nan. Ba sai kin zo ba, ki bar motarki ta huta. Kuma ki rage yi wa manya tsawa a takarda.

Na je ran Talata. Bas ɗin minti arba'in yake yi, yana tsayawa a kowace bishiya. Ban sanar da zuwana ba, sai na tarar suna waƙa. Wata yarinya mai aiki a wurin ta ce in jira a baranda, ta kawo mini gahawa mai kama da ruwan wanki. Ƙofar ɗakin ta gilashi ce. Ban ji waƙar ba, amma na ga Hiske a layin gaba. Wata tsohuwa ta raɗa mata wani abu, ta yi dariya har ta dafa kujera. Na tsaya ina tunanin yaushe rabon da in ga haƙoranta haka. Na kasa tunawa, Marrit. Kullum ina gidanta, kuma na kasa.

Da ta fito ta ce, "Ka rame." Na ce, "Kin yi ƙiba." Ta nuna mini ɗakin, kabad ɗin ya shiga daidai, Gerben ya iya awo. Na so in ba ta haƙuri, bakina ya ƙi, sai na gyara mata ƙafar tebur da ke rawa. Ta ce in dawo Juma'a bayan waƙa, ba kafin ba.

A wasiƙata ta farko na ce miki in aka cire ta daga gidan nan ba za ta kai baɗi ba. Ashe ba ita nake nufi ba, kaina nake nufi. A bas na gane, muna wuce injin jan ruwa na Skarrum. Ba daɗi mutum ya gano irin wannan a kansa, ga mutane cike da mota.

Yanzu ga tambaya, kuma ba ta kwamfuta ba ce. Na sayo dankali buhu guda. Sau uku ina dafawa, biyu ya narke ya zama kunu, ɗaya kuma da ƙyar cokali ya shige shi. A ruwan sanyi ake zuba shi, ko sai ya tafasa? Minti nawa? Gishirin fa, farko ko ƙarshe? Ki rubuto dalla-dalla, kada ki ce sau bakwai cikin goma. Shekarata saba'in da huɗu ina cin dankali kowace rana ta Allah, ban taɓa tashi daga kan tebur na je na ga yadda ake yi ba.

Kawunki,
Lolke